Idon Ƙauye a Bakin Titi

A ƙauyuka da dama na ƙasar Ingila akwai wani shiri mai suna Community Speedwatch. Mutanen gari ne kan sa kai, 'yan sanda su horar da su, sa'an nan su tsaya bakin titi da na'urar auna gudun mota. Galibi dokar cikin ƙauye mil 30 ce a awa. Wanda ya zarce sai a rubuta lambar motarsa, 'yan sanda su aika masa da takardar gargaɗi har gida. Ba su tsayar da kowa, ba su cin kowa tara. Makaminsu kurum shi ne direba ya san an gan shi.

Mu da kan bi doguwar hanya daga Kudu zuwa gida kowane hutu, mun san yadda namu ƙauyukan ke yi. Sai mota ta kaɗe yaro, an kai shi makwancinsa, sannan a tula ƙasa ko a gicciya kututture a titi.

Alhali aikin sa kai ba baƙonmu ba ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, Wole Soyinka na shugabanta, tana da nata 'yan sa kai, sai dai a birane muka fi ganinsu. Ina ma a kai su ƙauye, a zaɓo su daga cikin dattawan gari. Direban da bai damu da tara ba, da wuya ya ƙi jin kunyar tsohon da ya san mahaifinsa.