Mu huɗu da jakuna uku a gindin Bagazam

Akwai ma'aikata da yawa a ƙasar nan waɗanda in aka yi musu afektasiyo zuwa jihar Agadas sai barci ya ƙaurace musu, su shiga neman wanda zai sa baki a soke takardar. Akwai kuma ƴan kasuwa da suka gina gidaje da ribar albasar Azbin, alhali ba su taɓa taka garkar da take fitowa ba. Ni ina cikin na farko, abokina Alhaji yana cikin na biyu, har zuwa watan Disamba na shekarar 2005.

Mu huɗu ne, tun muna lakkwal a Damagaram muke tare: ni ma'aikacin biro, Alhaji mai fataucin albasa, Majo mai aikin likita, da Mushe mai koyar da labarin ƙasa. Mushe ne ya kawo shawarar. Ya yi shekara da shekaru yana rubuta wa yara a allo cewa ƙololuwar Idukal-n-Tagas, a kan dutsen Bagazam, tana da tsawon metir 2022, kuma babu inda ya fi ta bisa a Nijar. Ran nan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: «Mushe, ka taɓa hawanta?» Tambayar ta tsaya masa a rai. Da konjen ƙarshen shekara ya gabato, ya ce mu tafi mu hau Bagazam da ƙafa, mu ratsa shi, mu gangara har Timiya, kwana takwas.

A gida an ɗauke mu kamar waɗanda suka taɓu. A wurinmu, mutum mai mota a ƙofar gida ba ya doguwar tafiya a ƙasa sai in wani abu ya same shi. Mahaifiyata ta jawo ni gefe ta ce: «Ɗan nan, gaya mini gaskiya, ko bashi ake bin ku?» Da ƙyar na shawo kanta, ta yi mana addu'a, ta haɗa mu da ƙunshin kilishi.

Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilometir 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. Mun isa da la'asar, hasumiyar babban masallaci mai tsawon metir 27 tana tsaye bisa gari kamar yadda take tun da aka sake gina ta a 1844. A nan muka haɗu da madugunmu, dattijo daga Kel Ewe na Timiya, wanda ya yi ƙuruciyarsa cikin ayarin gishiri. Muka sanar da jandarma inda muka nufa, washegari kat-kat ta yini tana jijjiga mu cikin korai da duwatsu, ta ajiye mu Abardak, kusa da Tabelot, a gindin dutsen.

A daren nan madugu ya shimfiɗa tabarma, ya ce kowa ya zazzage jakarsa. Ya ware manyan rigunan Alhaji guda uku, da babbar rediyonsa, da littattafan Mushe, da wasu takardun biro da na ɗauko don in duba a hanya. Alhaji ya ce: «Haba Madugu, in muka shiga gari fa, da me za a san ni?» Dattijon ya amsa cikin Hausa tsantsa irin ta Damargu: «Alhaji, jaki bai san alhaji ba, nauyi ya sani.» Abin da ya bar mana shi ne bargo da rawani da rigar sanyi, garin alkama, gero, dabino, cuku, shayi da sukari, salkar ruwa biyu, da akwatin maganin Majo, wanda bai ko taɓa ba. Ya dubi sababbin takalman da na saya a Agadas ya girgiza kai, ya ce tsofaffin sun fi. Na yi kunnen ƙashi.

Bayan sallar asuba muka ɗaura wa jakuna uku kaya, muka yi bisimilla. Bagazam tudu ne mai faɗi, kimanin kilometir 40 a tsawo da 20 a faɗi, wanda ya miƙe tsaye daga ƙasa kamar ganuwa. Turbar da muka bi tana kurɗawa tsakanin baƙaƙen duwatsu, wasu sun kai girman ɗaki. Tun kafin hantsi ni da Alhaji muka fara sheka, domin mun yi gaba da sauri muna son mu nuna ƙarfi. Madugu kuwa yana tafe da taku ɗaya, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, har ya cim mana zaune a kan dutse. Bai ce komi ba, ya wuce. Daga nan muka koma bayansa, muka ɗauki takunsa. Da azahar sababbin takalmana sun fasa mini dunduniya biyu. Majo ya wanke, ya ɗaure, ya ce: «Shugaba, yau kai ne mai bin layi.» Sauran kwanakin da tsofaffin takalma na yi su, waɗanda madugu ya cusa cikin kayan jaki ban sani ba.

A wani matsatsi muka ji ana kiran mu ba da hanya. Jakuna ne jere suna gangarowa da buhunan albasa, yara samari suna riƙe da wutsiyar wasu don kada su zame. Ƴan kasuwa sun san darajar wannan albasa, domin tana fitowa ne a ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa. Alhaji ya tsai da wani saurayi ya ce: «Samari, sawu nawa kake yi?» Yaron ya ce tun da duhu ya taso, in ya sauke a gindi zai sake hawowa, gobe ma haka, har garkar babansa ta ƙare. Alhaji ya yi shiru. Can da muka zauna shan ruwa sai ya ce mini: «Ka san shekara nawa nake zaune a inuwa a Agadas ina rage musu jika guda a buhu, ina cewa ta yi laushi?» Ban ba shi amsa ba, shi ma bai jira amsa ba.

Mun kai bisa rana tana shirin faɗuwa. Wanda bai je ba zai yi zaton dutse ne tsirara, amma akwai ƙauyuka da masallatai, da idanun ruwa, da garake na albasa, tafarnuwa, dankalin turawa da alkama. Da dare ya yi, sanyi ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba a Damagaram, har ruwan buta yana cizon hannu. Madugu ya kwaɓa gari, ya binne shi cikin rairayi da toka mai zafi, ya fito da gurasar da suke kira tagella. Alhaji ne ya yi itace, Mushe ya ɗebo ruwa, ni na wanke tukunya, aikin da rabona da shi tun ina yaro.

Muna shan shayi ya ba mu labarin ayari. A watan Oktoba raƙuma ke tashi daga Azbin, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ba da gero su ɗauko kantun gishiri da dabino. In sun dawo suka huta, sai su gangara kudu, Damargu da Tasawa har Kano, su sayar su sayi gero. Ƴaƴansa biyu suna can kudu a daren da muke hirar. Wannan shekarar ce ta 2005 da yunwa ta taɓa Maraɗi da Tawa da Damagaram, bayan fari da fara na 2004. Ya ce: «Ku kuna tsammani ku kaɗai kuka ji ta. In rumbu ya bushe a Damargu, tukunya ba ta tafasa a Timiya.» Furar da ya dama mana da dabino da cuku, geron ƙasarmu ne a cikinta.

Na tambaye shi ko da can za mu iya wannan tafiya. Ya ce a shekarun tawaye, daga 1990, ko shi ɗan ƙasa ba ya kwana a fili da wuta a kunne. Sulhun 24 ga Afirilu 1995, ranar da muke hutun haɗin kan ƙasa, shi ya buɗe waɗannan turbobi. Na ji kunya, domin ni a wurina wannan rana hutun biro ce kawai.

A kwana na takwas muka shiga Timiya, ƙafafu sun kumbura, leɓuna sun tsage. Muka tarar da garake cike da lemo da rumman a tsakiyar duwatsu, da tsohuwar ganuwar sojan Faransa a kan tudu tana kallon gari. Muka yi alkawarin komawa baɗi waccan. A watan Fabrairu na 2007 wani tawayen ya ɓarke, aka dasa nakiyoyi a hanyoyin arewa, ba a ajiye makamai ba sai 2009. Kafin mu sake haɗa kai, Majo ya riga mu gidan gaskiya, Allah shi jiƙansa.

Alhaji bai bar ciniki ba, ɗan kasuwa ne, amma ya bar cewa albasa ta yi laushi in ba ta yi ba. Ni kuwa da aka turo ni Agadas daga baya, ban nemi kowa ya sa baki ba. Wanda duk ya yi niyyar irin wannan tafiya, ya fara tambayar hukuma da mutanen wurin halin da hanya ke ciki, ya nemi madugu ɗan ƙasa, ya zaɓi lokacin sanyi, ya sa tsofaffin takalmansa. Kada kuma ya yi ta ɗage rana, domin abokan tafiya ba kullum suke cika ba. Allah shi zaunar da ƙasarmu lafiya, kudu da arewa.