Teburin da Na Fara Haɗawa

Wata uku ke nan da na fara zuwa rumfar wani kafinta a Mabera, bayan la'asar. Teburina na farko na haɗa shi ne da damina, da katakon da aka kawo daga kudu, ɗanye sharaf. Na zuba masa ƙusoshi har na gaji, ina ganin yawansu shi ne ƙarfi.

Da hunturu ya sauko Sakkwato, iska ta tsotse ruwan katakon. Saman ya dare, ƙafa ɗaya ta soma rawa.

Maigidana ya jijjiga shi sau ɗaya, ya ce, "Yaro, ƙusa ba ta riƙe tebur, haɗi ke riƙe shi." Ya nuna mini yadda ake fafe rami a jikin ƙafa, a sassaƙa bakin sandar gicciye ta shige ciki daram, sannan a sa gam. Na yini kan rami huɗu.

Teburina na biyu na busasshen maɗaci ne, ja, mai nauyi. Yana zaurenmu yanzu. Jiya ƙanwata ta jingina da shi tana aikin makaranta, na tsaya bakin ƙofa ina kallon ƙafafunsa, ko ɗaya ba ta motsa ba.