Kada a yi saurin "formater"

A sana'ar atamfa, rabin jari yana hannun mutane. Lissafin bashina, daga kasuwar Arzeke ta Parakou har abokan cinikina na Djougou, yana cikin filashi ɗaya, wanda mu nan Benin muke ce wa kile. Sati biyu kafin Sallah, lokacin karɓar kuɗi, na sa shi a kwamfutar shago, ta yi kamar ba ta san shi ba.

Wani maƙwabci ya ce maganinsa "formater". Na ce a'a. Kalmar nan share komai take nufi, kuma mutum arba'in ke ciki, kowa da abin da ke kansa.

Na kira ɗan ƙanena a Djougou. Ya ce, "Baba, mu bi a hankali." Na hure ƙurar da ke bakin filashin. Na cire shi daga ramin gaba na mai da shi na baya, don na gaba kan yi sako-sako. Fitilarsa ta kama, amma shiru. Sai ya sa na buɗe "Gestion des disques" a Windows. Ga shi nan lafiya lau, harafi kawai ya rasa. Na ba shi F, sunaye suka fito ɗaya bayan ɗaya. Alhamdu lillahi.

'Yan'uwa, idan naku ya buɗe, ku kwafe nan take: ɗaya a waya, ɗaya a littafin bashi. Takarda ba ta neman harafi.