Yadi Ɗaya, Awo Dabam-Dabam

Duk wanda ya taɓa buga Hausa a wata kwamfuta, sa'an nan ya kai aikin wata, ya san abin da zan faɗa. Ka rubuta "ƙasa" lafiya lau, da ka buɗe a can sai ka tarar da "Æ™asa", kai ka ce kaza ce ta yi tono a kan takardar. Yawancinmu nan zango mukan ce ai na'urar ce ba ta jin Hausa, mu haƙura mu koma rubuta k marar lanƙwasa, a bar mai karatu yana lalube ko ƙasar haihuwa ake nufi ko kuwa kasa macijiya. To, ni dai na daina ɗora wa na'ura laifi. Mutane ne suke zama su yanke abin da manhaja za ta iya da abin da za a bari, kuma na ga wurin da ake yanke wannan hukunci da idona, a cikin wata manhajar gyaran rubutu da ake kira Vim.

Dalilin shigata wannan sha'ani ba wani abu ba ne illa kwamfutocin makarantarmu. Kyauta aka ba mu su, kowace da asalinta. Wasu suna ɗauke da tsohuwar Windows, wasu kuwa Linux muka sa masu domin ƙarfinsu ya ƙare. Ina son manhaja guda wadda zan buga tambayoyin jarrabawa da darussan ajin dare da ita a kan kowace, ba tare da rubutun ya sāke kama ba. Vim kyauta ce, kuma har asalin rubutunta ana bayarwa, watau umarnin da masu ita suka rubuta da harshen C kafin a mayar da shi abin da inji yake ganewa.

Wani Baholande ne mai suna Bram Moolenaar ya fito da ita a watan Nuwamba na 1991. Ya yi ta ne don wata kwamfuta da ake kira Amiga, yana kwaikwayon vi, wadda Bill Joy ya rubuta a 1976 don tsarin Unix. Daga baya aka kai ta Unix ɗin kanta, da MS-DOS, da Windows, da Macintosh. Ya riƙe ta fiye da shekara talatin har rasuwarsa a watan Agusta na 2023, kuma maimakon ya nemi lada, sai ya riƙa roƙon masu amfani da ita su taimaki marayun Kibaale a ƙasar Yuganda.

Abin da ya fara ba ni sha'awa shi ne yadda rubutu ɗaya yake shiga injuna masu hali dabam-dabam. Misalin da ya fi kusa shi ne na tela. Asalin rubutun shi ne yadi, kowace babbar manhaja kuwa, Linux ce ko Windows, mutum ce da nata kafaɗa da tsawon hannu. A Linux da 'yan'uwanta akwai wani fayil mai suna configure, shi ne mai awo. Idan ka tashe shi, sai ya shiga yi wa injin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, suna gudu a fuskar kwamfuta kamar kiran sunaye da safe: wane tafintan C kake da shi, kana da laburaren kaza, aikin kaza yana nan ko babu. Ba ya yarda da sunan injin kawai. Yakan rubuta ɗan guntun umarni ya gwada, in ya yi aiki ya rubuta i, in ya ƙi ya rubuta a'a. Amsoshin duka yana zuba su a wani fayil, config.h, wanda shi ne takardar awon da za a yi yanka da ita. A Windows kuwa ba a bi ta wannan hanya, awon a rubuce yake tun tuni cikin fayiloli irin su Make_mvc.mak, kai dai ka faɗi girman da kake so.

A cikin yadin kansa akwai alamomin yanka. Ko'ina ka duba sai ka ga kalmar #ifdef, ma'anarta in abu kaza yana nan a ɗinka wannan yanki, in babu a tsallake. Abubuwan da suka keɓanta da kowane tsari kuma an ware masu ɗakinsu: os_unix.c, da os_win32.c, da os_amiga.c.

Kada a zaci bambancin na manyan abubuwa ne. Ƙarshen layi ma rigima ne. Waɗanda suka yi zamanin keken rubutu za su tuna cewa in layi ya ƙare abu biyu ake yi, a mayar da kan keken farko, a kuma murza takarda sama. MS-DOS da Windows suka riƙe alamomin nan biyu, Unix ta ɗauki ta biyun kaɗai, tsohuwar Macintosh ta ɗauki ta farkon. Shi ya sa fayil ɗin da aka yi a Linux yakan zama dogon layi ɗaya a Notepad, kuma sai a 2018 aka koya wa Notepad gane shi. Haka sandar da take raba sunayen jakunkuna, a Unix gaba ta karkata, a Windows baya. Fayil ɗin da mutum yake ajiye zaɓinsa sunansa .vimrc a Unix, amma _vimrc a Windows, domin MS-DOS ba ta yarda suna ya fara da ɗigo ba. Duk waɗannan an yi masu tanadi tun da wuri, an bi kowane tsari da al'adarsa.

To, ina haruffanmu a cikin wannan tanadi? A nan ne na daɗe ina kallo. Akwai wani fayil, feature.h, inda aka kasa iyawar manhajar kashi-kashi. Shekaru da yawa girma biyar ne, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, sai a 2022 aka rage su zuwa uku. Dalilin kasawar mai kyau ne, domin injunan dā ba su da wurin ajiya, dole a rage kaya. Amma mai rage kaya shi yake faɗin wanne ne dole, wanne ne ƙawa. Harafin Turanci bayit ɗaya yake ci. Namu huɗun nan, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8. Manhajar da aka ɗinka a kan cewa kowane bayit harafi ne, in ta ga ƙ sai ta raba shi biyu, ta nemo kowane rabi a jadawalin Turawan Yamma, ta fito da Æ da ™. Tonon kazar ke nan.

Haruffan nan suna cikin Unicode tun fitowarsa ta farko a 1991. Vim ta koyi UTF-8 a 2001. Amma iya karanta harafi mai bayit fiye da ɗaya ya zauna a jerin abubuwan zaɓi, ƙaramin ɗinki ba ya zuwa da shi sai mai ɗinkin ya nema da bakinsa, ya ƙara --enable-multibyte a gaban configure. Sai a farkon 2019 aka cire wannan sharaɗi ya zama dole ga kowane girma, kuma a Windows sai a 2021 UTF-8 ya zama abin da manhajar take tashi da shi. Ba na zargin kowa da ƙiyayya. Wanda yake rubutu da harshen da bayit ɗaya ya ishe shi ba zai ji ciwon ba, kuma mu da muke jin ciwon ba mu cikin masu aika gyara.

Na ce ba mu ciki ne saboda na lura da wanda yake zama da wanda ake sallama. An cire MS-DOS a 2016. An cire Windows XP a 2022, alhali kuwa a lokacin akwai injuna biyu a ɗakinmu da ba su san wata babbar manhaja ba sai ita, dole na nemo masu tsohon yadi na kafin wannan shekara. Amma Amiga, wadda kamfanin da ya ƙera ta, Commodore, ya karye tun 1994, ɗakinta bai rushe ba a waɗannan shekaru duka. Ba yawan jama'a ya tsare ta ba, domin masu XP sun ninka masu Amiga nesa ba kusa ba. 'Yan tsirarun mutane ne suka ci gaba da gwadawa, in abu ya lalace su kai ƙara, wani lokaci su kai har da gyaran. Masu jin Hausa miliyoyi ne, amma yawa ba ya buga ko layi ɗaya.

Yanzu dai boko ya samu shiga. Na gina Vim a injunanmu na Linux da na Windows, na sa haruffa huɗun a kan maɓallan da yara za su iya tunawa, kuma takardar jarrabawa tana fita iri ɗaya ko'ina aka buɗe ta. Saura ajami, wanda dattawan ajin dare suka fi sakewa da shi. Rubutu daga dama zuwa hagu da haɗa haruffan Larabci ba sa cikin ƙaramin ɗinki, sai ka nemi babba. Ko ka nema ma, jadawalin haɗa haruffan an yi shi ne da Larabci a zuci. A 2020 Unicode ya ƙara wasu haruffa musamman don ajamin Hausa da na Wolof, sun sami lamba, amma samun lamba dabam, manhaja ta san yadda harafi yake kama na gabansa da na bayansa dabam. Akwai yara biyu a aji na sama da suka fara karanta C tare da ni ranar Asabar, kuma fayil ɗin da na buga masu a takarda su tafi da shi gida wannan hutu shi ne arabic.c.