Abin da Laka Ke Ɓoyewa

Manomin Buji ya san ƙasar fadama ta fi ta jigawa baƙi da danƙo, ya kuma san ta fi ta albarka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne daga ina baƙin ya samo asali. A yankin na tashi, kuma a ganina amsar ta cancanci a kai ta kasuwar Gantsa, kada ta tsaya a ɗakin lacca.

Tsiro yakan zuƙi iskar kabon ya mayar da ita sukari da sitaci da zaren jikinsa. Idan ganye ya faɗi a jigawa, gara da ƙananan halittu sukan cinye shi cikin ɗan lokaci, kabon ɗin ya koma sama. Idan kuwa a ruwa ya nutse, laka ta binne shi, iskar oksijin ba ta isa gare shi, sai ruɓewa ta yi nawa. Haka masu binciken ƙasan teku suka tarar a kusa da gaɓa: ragowar sukarin ciyayi da na gansakuka yana nan cikin taɓo bayan shekaru aru-aru, musamman mai sarƙaƙƙiyar sura da ƙananan halittu ke wahalar narkarwa, ko wanda ya manne da yumɓu. Shi ya sa a dazuzzukan gaɓar teku, irin na Neja Delta, kabon da ke cikin laka yakan fi wanda ke jikin itatuwa yawa.

Teku dai ba mu da shi, amma muna da dausayin Haɗeja da Nguru. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Ban ga laifin manomi ko masuncin da ya tsane ta ba, kuma yashe hanya wajibi ne. Damuwata ita ce abin da ke biyo baya. Lakar da aka tara a gefe ta bushe, da kacalar da aka cinna wa wuta, ajiyar shekaru ce ke tashi sama, alhali gonakin rairayi na Buji da Kiyawa suna kukan taki.

Da za a ji ta tawa, sai a sare kacala a yi takin gargajiya da ita. Ɗaliban jami'o'in Dutse da Kafin Hausa kuma su riga injin yashe zuwa, su haƙo lakar hawa-hawa, su auna abin da ke cikinta tun tana jiƙe.