Motar Baba Mai Gurfanar Raƙumi

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Labarin wata tsohuwar mota ne wadda saura ƙiris ta shiga tsakanina da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, har ta kai mun yi kusan wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Motar dai Lexus ce samfurin LX470, ƙirar 2002, irin waɗanda aka ƙera daga 1998 zuwa 2007. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo ta tokumbo daga Kwatano a 2009, lokacin da kasuwar busasshen kifi da ta shinkafa suka yi masa albarka. Ranar da ta shigo unguwarmu a Haɗejiya ba zan manta ba, domin yara da manya sun cika ƙofar gida, kuma ba girmanta ko santsin fentinta ne ya tara su ba. Wani ɗan maɓalli ne da ke kusa da giya. Idan Baba ya danna shi sai ka ji wani ɗan gurnani daga gaba, motar ta miƙe a hankali, idan ya sake dannawa ƙasa kuma sai ta sauka ta yi ƙasa-ƙasa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "Alhaji, ai wannan raƙumi ka sayo, har gurfana take yi!" Tun daga ranar sunanta ya zama Raƙuma a gidanmu.

Matakai uku gare ta: ƙasa, tsakiya, da sama. Tazarar da ke tsakanin kowane mataki ba ta wuce kimanin santimita 5 ba, wato faɗin yatsu uku, kuma da zarar gudu ya haura kilomita 30 a sa'a sai ta koma tsakiya da kanta. Wani zai ce wannan ɗan abin mene ne amfaninsa? Wanda ya taɓa bin hanyar fadama ta wajen Guri ko Kirikasamma bayan tarakta ta kwaɓe ta da damina, ya san yatsu uku ne ke raba wanda ya wuce da wanda cikin motarsa ya ɗare kan tudun laka, tayoyi na juyawa a banza.

Baba ya rasu a 2019. Da aka zo rabon gado Hajiya ta roƙi a bar motar a gida, aka yi mata kuɗi aka cire a kasonmu ni da Yaya, aka damƙa mini makulli kasancewar ni ne auta kuma ni ke zaune tare da ita. Shi Yaya yana Kano da iyalinsa.

Daminar 2020 ce ta fara karya Raƙuma. Duk ɗan Haɗejiya ya san yadda kogin ya zama. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ruwan ya daina ƙafewa yadda ya saba da rani, ciyawar nan kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa, saboda haka idan ya cika sai ya nemi gonaki da gidajen mutane. A wannan shekarar matasan gari suka fito dare da rana suna cika buhuna da ƙasa ana ɗaga jinga. Ni ma na kwantar da kujerun baya, na shiga jigilar buhuna. Ban san iyakar sawun da na yi ba. Abin da na sani shi ne akwai lokutan da motar kan ƙi tashi sam, ta zauna a matakin ƙasa sai an rage mata kaya. Ban yi nadama ba har gobe, amma daga nan bayanta bai sake komawa daidai ba.

Sai kuma na ƙara da wautar kaina. Wata rana na ga man da ke cikin 'yar tankin abin ya ragu, na shiga wani gareji a nan gari, maigidan ba ya nan, yaronsa ya ɗauko man birki ya ƙara mata, ni kuma ina tsaye ina kallo har da yi masa sannu. Bayan 'yan watanni Raƙuma ta koma amalanke. Ɗan ƙaramin rami sai ka ji shi har cikin haƙoranka, a kan kwalta mai kyau kuma sai ta dinga tsalle-tsalle kamar akuyar da aka kwance daga turke.

Haka na yi ta lallaɓa ta har 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi. Mota mai silinda 8 da injin lita 4.7 ba ta san ana tsadar mai ba. A lokacin ne kuma ciwon bayan Hajiya da na gwiwoyinta suka tsananta, likita ya ce a riƙa kai ta asibiti a Kano duk wata. Zuwan farko, kafin mu kai Gujungu sai da na tsaya sau uku, tana riƙe da ƙugu tana salati. Ba ta ce mini komai ba, amma na ga hawaye ta madubi.

Da muka isa Yaya ya ja ni gefe. Ya ce, "Auta, ka daina wahalar da tsohuwar nan. A cire wannan tarkacen gaba ɗaya a sa mata shokozoba da sifirin irin na kowace Land Cruiser. Kowa haka yake yi. In ta lalace maka a Birniwa ko a Malam Madori, kowane bakanike zai iya taɓa ta. Wannan kuwa wa ya san kansa?"

Gaskiya maganarsa tana kan hanya, kuma na san da haka tun a lokacin. Wasu daga cikin irin motocin nan da ke yawo a ƙasar nan an daɗe da yi musu wannan aikin. Amma akwai abin da shi bai gani ba, domin ba shi ke sa Hajiya a mota ba. Idan Raƙuma ta gurfana, na ajiye 'yar kujerar tsakar gida, Hajiya kan dafa ƙofa ta hau da kanta. Idan tana tsaye a tsayinta na kullum sai an ɗaga ta. Matar da ta haife mu ta yi tarbiyyarmu, ba ta son ɗanta namiji ya cicciɓe ta a ƙofar gida mutane na kallo. Na gaya masa haka, sai ya ce, "To a sayo kujera mai tsawo mana." Ni kuma na ce masa don ba kuɗinsa ne suka fi yawa a motar ba shi ya sa. Wannan maganar ban kyauta ba, ita ce kuma ta jawo watan gaisuwar da na ambata.

Wani direban babbar mota ne ya yi mini kwatancen wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ruwa. Na same shi, na fara zayyano masa matsaloli, sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Alhaji bari mu tambaye ta tukuna." Ya buɗe gaban motar, ya sa na saukar da ita ƙasa, ya yi alama da alli a jikin 'yar tankin man, wadda ke da zane-zane kamar na sirinji. Ya ce in ɗaga ta sama, ya sake yin alama. Ya ƙirga layukan da ke tsakani: huɗu. Ya ce idan sababbi ne ana samun 14, idan ya sauka zuwa 7 ko ƙasa da haka to sun gama aiki. Na ce su wa?

Ya shimfiɗa kwali ya ce in kwanta in leƙa. A jikin ƙarfen ƙasan motar ya nuna mini wasu dunƙulallun tulunan ƙarfe guda huɗu, kowanne bai fi ƙaramin gwanda ba, ɗaya ga kowace taya. Ya ce a cikin kowanne akwai tantanin roba da ya raba shi biyu, gefe ɗaya mai, gefe ɗaya iskar naitirojin a matse. Idan taya ta faɗa rami sai man ya tura tantanin, iskar ta matsu ta shanye bugun. Mai ba ya matsuwa, iska ce ke matsuwa. Idan iskar ta tsere saboda tsufa, ko tantanin ya fashe, to ka zama kana zaune a kan zallan mai, shi ya sa kake jin kowane dutse. Abin da muke gani a jikin taya muna kira shokozoba, in ji shi, a wannan motar bututu ne kawai da mai ke shiga yana fita, mutane na ta canza shi a banza alhali ciwon na cikin tulu. Daga baya na karanta cewa Faransawa ne suka fara wannan dabara, kamfanin Citroën ya fito da ita sosai a motarsa DS a 1955. Ashe abin da ya tara yara a ƙofar gidanmu ya girmi Yaya da shekaru masu yawa.

Da ya shinshina man kuwa sai ya dube ni ya ce, "Wa ya zuba mata man birki?" Na yi shiru. Ya ce abin yana da nasa man na musamman, man birki kuwa cinye robar yake yi. Sannan ya bayyana mini abin da buhunan jinga suka yi. Nauyin motar raba shi aka yi, sifirin na baya da sandunan ƙarfe masu murɗawa na gaba suna ɗaukar kaso mai yawa, man yana ɗaukar saura. Da sifirin suka gaji sai nauyin ya koma kan man, famfo ya shiga aikin da ya fi ƙarfinsa.

Na tambaye shi ra'ayinsa kan maganar Yaya. Ya ce duka biyun aiki ne, kuma ya yi wa mutane da yawa na cirewar. Amma ya ce in za a cire a cire da gaskiya: sai an canza sandunan gaba da sifirin na baya zuwa masu kauri, saboda na jikinta sirara ne, ba a yi su don su ɗauki motar su kaɗai ba. Masu neman araha kan sa shokozoba kawai su bar sauran, shi ya sa kake ganin wasu motocin sun dunƙufar da kai. Da ya yi lissafi, cirewar ta gaskiya ba ta yi arahar da muke zato ba, ko da yake ta fi sauƙi, kuma in an yi an gama. Gyaran kuwa, sababbin tuluna huɗu da sifirin biyu da wanke man sau da yawa, ya tasam ma kuɗin bijimi. Ya gargaɗe ni kada in sayi tuluna 'yan Beljiyam, domin su ma shekarunsu ɗaya da nawa. Ya ƙara da cewa ba zai yi mini alƙawarin famfo ba, kuma bai san iyakar ɓarnar da man birkin ya yi wa sauran robobin ba.

Daga can na wuce gidan Yaya. Na fara da ba shi haƙuri kan maganar da na yi, ya ce ya wuce. Na zana masa komai a bayan wata takardar magani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na ji. A yi mata sau ɗaya, zan ba da rabi. Amma ranar da famfon nan ya mutu ba na son jin wata magana, cirewa za a yi." Na amince. Shansherar da na ajiye daga gonarmu ta wajen Auyo ita na sayar na cika nawa kason.

Kwana uku motar ta yi a garejin. Da aka sake gwajin alli layuka 13 muka ƙirga. A hanyar komawa gida Hajiya ta yi barci tun kafin mu fita daga Kano, ba ta farka ba sai da muka shigo gari ana kiran la'asar. Na kira Yaya ina murna, ya ce, "Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa."

Yanzu galan ɗin man nata na musamman yana bayan mota kullum, kuma ba wanda ke buɗe 'yar tankin nan sai ni. Buhun shinkafa ma na daina ɗora mata, kura nake ɗauka. Makon jiya da nake wanke ta na ga danshin mai a jikin bututun tayar baya ta hagu, ɗan kaɗan, bai kai ga ɗiga ba. Na goge, washegari ya dawo. Ban gaya wa Yaya ba tukuna. Ranar Litinin ce ranar asibiti, na ce in mun sauke Hajiya zan biya ta Ƙofar Ruwa dattijon ya duba. Da na gaya mata za mu ɗan jima a Kano, sai ta ce, "To Auta, ka dai sa ta gurfana kafin in fito, kada yayanka ya zo ya ce zai ɗauke ni."