Turanci Ba Ya Kai Mutum Kasuwar Sifen

Mu mutanen Zango ba baƙin harsuna ba ne. Yaron Nima ko Maamobi kan tashi da Hausa a gida, Larabci a makaranta, Turanci a aji, Tuwi da Ga a kasuwa. To, yau ga Sifaniyanci ya shigo mana gida, domin samarinmu da yawa suna ci-rani a Sifen, wasu a gonakin Almeriya, wasu a Basalona.

Abin da ke damunmu shi ne, mai ɗan Turanci yakan ɗauka kalmar da ta yi kama da wadda ya sani ma'anarsu ɗaya. Alhali kama da wane ba ta wane. Kalmar sopa miya ce, ba sabulu ba. Sabulu shi ne jabón. Ropa tufafi ne, ba igiya ba. Embarazada mai juna biyu ce, ba mai jin kunya ba. Wanda ya ce wa likita a Madrid yana constipado, mura ya ce yana yi, ba taurin ciki ba.

Ga Musulmi kuwa lamarin ya wuce dariya. Jamón cinyar alade ce, ba abin shafa wa burodi ba. Manteca a Sifen kitsen alade ne galibi, amma a Ajantina man shanu ne. Ashe ƙamus kaɗai bai isa ba, sai an san ƙasar da ake magana.

Sai dai muna da wata ƙofa da ɗan Ingila ba shi da ita. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar kalmomi birjik. Aceituna ita ce zaitun, azúcar sukari, hasta kuwa hatta ɗinmu ce. Alcalde, wato magajin gari, tushensu ɗaya da alƙali.

Koyon harshen ma ba sabon abu ba ne a Gana. Nkrumah ya kafa Cibiyar Koyar da Harsuna a 1961, kuma tun daga 1983 aka riƙa tura yara karatu Kuba, suka dawo da Sifaniyanci a baki.

Saboda haka muna kira ga iyaye da malamai: wanda zai tafi, kafin a haɗa masa kaya, a zaunar da shi ya koyi sunayen abinci, da na ciwo, da na kuɗi. Waɗannan ne zai buƙata tun ranar da ya sauka.